Kabar Rijiya da Kulocin Yaya Lawal

Mu biyu muka tashi a ɗakin kakarmu Inna Hajjo a Farfaru, ni da wana Lawal. Ita 'yar ƙetare ce, daga wani ƙauye can bayan Ɗan Isa aka kawo ta aure, kuma har ta bar duniya ba ta yarda akwai wani abu wai shi iyaka ba. In aka ce mata an rufe boda, sai ta taɓe baki ta ce, "Su ruhe abinsu, ni dai na san hanyar garinmu."

Lokacin kaka na fi tunawa. Bayan isha'i, an ci tuwo an ture kwanuka, sai ta iza guntun itacen da ya rage a murhu, ta tura mana gujiya cikin toka mai zafi. In gari ya yi tsit har gurnanin manyan motoci muke jiyowa daga wajen boda. Ba ta da haƙoran gaba, don haka goro ma sai ta goge shi a magogi kafin ta watsa a baki, kuma ba a fara hira sai goron ya shiga. Ni take kira mijin hira. Yaya Lawal kuwa mijin tuwo ne, don shi da cikinsa ya ɗauka, to sai dai a tashe shi da asuba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan bakin ƙohwa, ta sha tahiya. A ba ta wuri ko ta wuce?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo mu ji ta!"

Akwai wadda ta fi so, ta rijiya. Wai a wani gari can arewa an yi rijiya mai zurfin da hannu ba ya iya jan ruwanta, sai da sa. Mai rijiyar wani tsoho ne, yana da sa ɗaya tilo da ɗa ɗaya tilo. Igiyar wasakinsa, wato babban gugan fata, mai kauri ce, tana bi ta kan gwafa ta zo jikin sa. Amma a daidai inda igiyar ke haɗuwa da san, tsohon ba ya ƙulla ta kai tsaye, sai ya sa 'yar kaba murɗaɗɗiya a tsakani. Duk ranar da wasaki ya sarƙe a cikin rijiya, kabar nan sai ta ce fat, wasaki ya koma ƙasa tsulum. Da yake wutsiyar igiyar tana ɗaure a turke, sai tsoho ya leƙa, ya warware abin da ya sarƙe, ya murɗa sabuwar kaba, mata na tsaye da tulunansu suna tsaki.

Ɗan ba ya son abin nan ko kaɗan. A nan Inna take hura hanci ta kwaikwayi muryarsa: "Haba Baba! Sa kamar giwa, igiya kamar cinyar mutum, sannan ka haɗa su da abin saƙa tabarma? Mutane dariya suka yi muna!" Rannan tsoho ya yi tafiya. Ɗa ya yar da kaba, ya samo ƙiri, igiyar fatar raƙumi, ya ɗaure tamau. Ai kuwa ruwa ya yi ta fitowa ba tsayawa. Mata suka yi ta guɗa, 'yan mata suka sa shi a waƙa, ya karkata hula yana taƙama.

To a nan ne, daidai wajen waƙar 'yan matan, Yaya Lawal yake ɓingirewa. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa ganin ya wuce nan ba. Sai ka ji minshari, ga gujiya a hannu bai ko ɓare ba.

Ni kaɗai nake jin sauran. Wata rana wasaki ya cika, ya taso, ya maƙale a saiwar gawo da ta kutso ta gefen rijiya. Sa ya ja, abu ya ƙi. Ɗa ya zuba masa bulala. Sa ya sake ja da iyakar ƙarfinsa. Ƙiri bai tsinke ba, igiya ba ta tsinke ba, sai gwafar ce ta tumɓuke ta faɗo wa sa a ƙugu. Kafin rana ta faɗi an sa masa wuƙa. Da tsoho ya dawo ya tarar da fata a shanye, bai zagi ɗansa ba. Inna takan sassauta murya a nan, ta ce, "Sai ya ce mai, ɗana, kabar nan ita ce bakin rijiya. In ta tsinke, rijiya ce ke ce ma tsaya ka leƙo. Kai kuwa ka toshe mata baki, sai ta yi magana da ƙugun sanka."

Na tuna wani dare na fusata, na kai hannu zan girgiza Yaya don ya ji ƙarshen. Ta buge min hannu da muciya.

"Ƙyale min mijin tuwona ya yi kwana nai," in ji ta. "Shi ya ci kan tatsuniya, kai ka riƙe mai wutsiya. Ran da ya buƙace ta ka ba shi." Sannan ta rufe yadda ta saba: "Ƙurunƙus, wuta ta mutu, kowa ya nemi tabarma tai."

Inna ta rasu muna samari. Ni na zama bakanike a Jibiya, gyaran tarakta nake yi. Yaya Lawal kuwa ya tattara shanun da ya gada kaf, ya sayar, ya sayi tarakta ta hannu da injin sussukar gero. Mutane sun yi ta surutu, amma shi mutum ne da in ya sa kai ba ya waiwaye. Taraktar nan ita ce garkensa yanzu, ita ke ci da gidansa. In cikinta ya fashe, ba shi da wata saniyar da zai kai kasuwa ya gyara ta.

Kakar bara ya kira ni daga wata gona a Daddara, murya a sama. Na hau babur na je. Na tarar da dammunan gero jibge, masu gero sun yi cirko-cirko, kowa na kallon rana, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a daji. Tun kafin in sauka na ji ƙaurin abin da ya ƙone.

Ga wanda bai san tarakta ba, a bayanta akwai wata sanda mai juyawa da muke kira fitiyo, ita ke ba injin sussuka ƙarfi. Tsakanin sandar da injin akwai ɗan kuloci, faifai ne da aka matse da sifirin da notuna. Mutanen ƙetare ambiriyaj suke ce masa. Shi ne ke ba Yaya haushi. In injin ba komai a cikinsa sai ya juya da ƙyar, da an zuba gero kuwa sai kulocin ya zame, ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, injin ya tsaya.

"Hamisu, ɗauko sifana ka ɗaure notunan nan tamau," in ji shi. "In ba su ɗauru ba a kai ma mai walda ya liƙe shi gaba ɗaya, in huta."

Na ce, "Yaya, bari in duba tukuna."

Na kashe tarakta, na raba ta da injin, na sake tayar da ita. Sanda na juyawa lafiya lau, libar da ke kunna ta na shiga tana fita ba gardama, man giya a cike. Ashe ba laifin tarakta ba ne. Na koma kan kulocin. Ya yi zafin da ba ya taɓuwa, faifan ya yi baƙi, amma bai cinye ba, sifirin ɗin kuma suna nan yadda ya kamata. Lafiyayyen kuloci ba ya zamewa don ganin dama.

Yaya na tsaye a kaina yana huci. "Kai wa irin mutum ne? Rana za ta faɗi! Ka manta labarin Inna na rijiya? Yaron nan da ya yar da kaba ya sa ƙiri, ba shi ya hutar da gari ba? Har waƙa aka yi mai!"

Na ɗago na dube shi. Ga furfura a gemu, ga 'ya'ya har da na aure. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, har sai da na zauna a ƙasa. Sai kuma na ji ƙwalla ta zo, don muryar tsohuwar nan na ji a kunnena ƙarara.

"Yaya," na ce, "a ina labarin ya ƙare?"

"A nan mana. A waƙar 'yan mata."

"To riƙe min murfin nan, in ba ka ajiyarka."

Muka kashe komai. Na kama gangar injin, wadda ke sussuke geron, da hannu zan juya, ta ƙi ko motsi sai da na sa ƙarfi. Ina kwance notunan murfi ina ba shi labarin saiwar gawo, da bulala, da gwafar da ta tumɓuke. Masu gero ma suka matso suna saurare. Daidai lokacin da na kai ga fatar sa a shanye, murfi ya buɗe, ga abu nan ƙuru-ƙuru. Da can da kaba ko ɓawon rama ake ɗaure damin gero, in ya faɗa injin sai ya tauna shi ya tofar. Yanzu kuwa igiyar roba ake yi da ita, masu zubawa kuma don sauri sai su jefa gero har da guntayen igiya. Ita ce ta nannaɗe a jikin ƙarfen gangar, ta narke, ta cushe boris ɗin da gangar ke juyawa a kansa har ya kusa kamewa. Da mun liƙe kulocin, duk ƙarfin taraktar nan a haƙoran giyarta zai sauka.

Yaya ya tsuguna ya daɗe yana kallon dunƙulen robar. Da ya buɗe baki cewa ya yi, a hankali, "Wai san nan mutuwa ya yi?"

Na ce, "Yanka shi aka yi."

"Innalillahi. Ni duk shekarun ga na ɗauka yaron ne gwani." Ya share fuska da hularsa. "Kuma tsohuwar nan ta bar ni haka nan?"

"Cewa ta yi in riƙe maka wutsiya sai ran da ka buƙata."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita sosai ba. Muka yanke robar da wuƙa, muka wanke boris muka cika shi da giris, muka jira kuloci ya huce. Ban ƙara wa notinsa ko rabin juyi ba. Yaya da kansa ya tsaya a bakin injin yana ƙwace igiya daga hannun masu zubawa, aka gama geron da sauran rana.

Ina yaro na ɗauka labarin sa ne da rijiya, abin tausayi kawai. Da na girma a cikin baƙin mai na gane yawancin taraktocin da ake jawo min da fasasshen ciki, wani ne ya gaji da ƙorafin ƙaramin abu ya toshe masa baki. Har a gida nakan tuna. In maiɗakina ta ce wannan nauyin ya yi yawa, ko gwiwata ta fara ƙara a ƙarƙashin mota, nakan ce wa kaina, Hamisu, tsaya ka leƙa. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne yadda Inna ta san jikokinta. Ta san wanda zai ɗaure ƙiri, ta kuma san wanda zai zauna kusa da shi.

Kwanan baya taraktar ta zo garejina canjin mai, na ga 'yar kaba murɗaɗɗiya ɗaure a jikin libar fitiyo. Wani direba ɗan Maraɗi da ke jiran gyara ya tambayi Yaya ko laya ce.

"A'a," in ji Yaya, yana gyara mata ƙulli. "Saƙon kakata ne. Barci na yi, sai bara ya iso ni."