Na ce mata lantarkin mota ne

Shekarun baya, lokacin da gyaran waya ya fara kawo mini ɗan abin hannu a shagona na Circle, na sayi wata tsohuwar mota ja. Ni ne na farko da ya ajiye mota a gidanmu na unguwar Nima. Lungunmu bai ma isa ta shiga ba, a bakin titi take kwana. Don gayu na sa wa kujerunta riga mai sheƙi ta nailan, ina jin kaina kamar wani babban alhaji.

Mahaifiyata wake da gero take sayarwa a Kasuwar Malam Atta. Tun kafin a haife ni take kokawar shiga trotro, motar haya, da kaya a ka. Na rantse ta daina. Kullum da safe ni nake sauke ta a bakin kasuwa kafin in wuce shago.

Da iska ta bushe wajen ƙarshen shekara, sai motar ta fito da wani hali. In ka sauka ka kai hannu za ka rufe ƙofa, sai ka ji tas! a yatsa, kamar an soka maka allura. Ranar da ta fara yi wa mahaifiyata, ta yi tsalle gefe tana salati.

"Motan nan naka ya cije ni!"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Mma, lantarki ne. Zanenki yana goga rigar kujera, wuta ta taru a jikinki, in kin taɓa ƙarfe ta fita. Ki riƙe ƙarfen ƙofar kafin ki sa ƙafa a ƙasa, ba za ki ji komai ba."

Ta gwada washegari, ya yi. Ta shiga kasuwa tana gaya wa maƙwabtan rumfarta cewa ɗanta ya san sirrin wuta. Ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Bayan kamar mako biyu, muna cikin cunkoso wajen Maamobi, na ga tana murza hannunta na hagu. Ta ce abin nan na mota bai bar ta ba. Jiya tana auna wa wata mata gero, hannun ya mutu, kwanon ya suɓuce. Sai da ta zauna na ɗan lokaci kafin ya dawo.

Na san amsar da ya kamata in ba ta. Wutar da mota ke ja ba ta wuce ƙiftawar ido, ba ta bin mutum har cikin rumfa. Da wani ne ya tambaye ni a shago, haka zan gaya masa. Amma ina kallon agogo, wani yana jirana da wayarsa, kuma na riga na saba da daɗin zama mai amsa.

"Lantarkin ne, Mma. Ki daina sa wannan mayafin mai santsi."

"To," ta ce. Ta juya tana kallon titi.

Ta sake yi mini maganar sau ɗaya, ranar wata Juma'a. Ta ce yau har leɓenta ya yi nauyi tana alwala. Na ce zan cire rigar kujerun. Na kuwa cire a ranar, na jefar, na ji kamar na sauke wani babban nauyi.

Ranar Talata da hantsi wata maƙwabciyar rumfarta ta kira ni. Tana magana tana haɗa Hausa da yaren Twi. Abin da na iya tsinta shi ne, "Zo yanzu, mamanka ta faɗi."

Na tarar an kwantar da ita a kan buhunan wake, mata sun kewaye ta suna yi mata fifita da kwali. Bakinta ya karkace. Idanunta a buɗe, tana ganina, tana son kiran sunana amma harshen ya ƙi. Mu huɗu muka ɗauke ta zuwa mota. Ban san yadda na yi tuƙin ba.

Likitar da ta duba ta ta kira ni gefe. Ta ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sannan ta tambaye ni ko kafin yau ta taɓa kukan mutuwar hannu ko nauyin baki, wanda yake zuwa ya wuce.

Na ce ta yi.

"Yaushe?"

Na faɗa mata.

"Me kuka yi?"

Ta yaya zan ce na cire rigar kujera? Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce irin wannan gargaɗi ne jiki yake yi, da an kawo ta a lokacin, wataƙila da an tare. Ta dafa kafaɗata ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahaifiyata ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu bai dawo ba. Rumfar ta koma hannun ƙanwata. Mma da take ɗaga buhu ita kaɗai ta koma sai an zuba mata ruwan alwala. Magana ta dawo mata a hankali, kalma-kalma, da nauyi.

Na yi wata da watanni ina yi mata hidima ba tare da na iya haɗa ido da ita sosai ba. Wata safiya ina ba ta koko da cokali, na ajiye kofin na durƙusa a gabanta. Na ce, "Mma, ki yafe mini. Kin gaya mini sau biyu, na ce miki mota ce."

Ta daɗe tana tattara kalmomin. Sannan ta ce, "Na san ba mota ba ne."

Na ɗago.

"Haka uwata ta fara, can arewa. Hannu. Sannan baki." Ta numfasa. "Tsoro na ji. Na zo wurinka don ka ce mini ba komai. Ka kuwa ce."

Ta ɗora hannunta mai lafiya a kaina, ta ce in tashi kokon zai huce.

Ta ƙara shekara uku tare da mu kafin Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Mutane sun sha gaya mini ƙaddara ce, kuma na yarda. Amma na gane cewa in tsoho ya kawo maka ƙorafin jikinsa yana ɗan murmushi, sau da yawa ya kwana biyu yana fama da tsoro kafin ya buɗe baki. Ba bayani yake nema ba. Wanda zai ce masa tashi mu je asibiti yake nema, ko da zai ƙi.

Ta yafe mini tun a safiyar nan, da bakinta, ina ji. Ni ne har yau ban gama ba.