Malam Yusha'u Ya Tafi da Ƙarshen Labari

Gaisuwa ga jama'a baki ɗaya, masu rawani da masu hular saƙa, masu babur da masu jaki, daga Batsari har Safana har inda jaridar nan taka kai. Ni ne Armaya'u wanzamin Wagini, wanda askarshi bata taɓa yankan kunnen kowa ba sai wanda ya motsa. Kuyi haƙuri da rubutuna, wanda ya koya mani shi ne ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata sha uku ga watan Mayu 1975, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u mai allurar shanu, bayan zazzaɓi ɗan gajere.

Malam, ka tafi ka barni ina ta zirga-zirga a tsakar gida kamar kaza zatayi ƙwai.

Wa zai manta shekarun fari, da kake bin rugage a ƙasa in man babur ya ƙare? Wa zai manta randa ka ɗauki tsohuwata a bayan babur zuwa asibiti, tana zaginka tun daga ƙofar gida wai zaka kada ita, kai kuwa sai "To Inna, to Inna"? Ni ma ka zaunar dani a inuwa ka koya mani baƙaƙe. Ka ce baka taɓa ganin kai irin nawa ba. Har yau na ɗauka yabo ne.

Amma abin da ke hana mani sukuni littafin nan ne. Duk bazara, lokacin da ba noma sai zafi da jiran ruwa, Malam shina zuwa da littafin Turanci daga Kaduna, ya zauna gindin tsamiyar kasuwa, ya karanta ya juya mana da Hausa. Ba labarin yaƙi ba, ba na aljanu ba. Irin wanda mai bada labarin da kanshi baka san ko gaskiya yake faɗi ba. Na bana wani mutum ne ke cewa ƙanenshi ya ɓace, shina ta nema, shina kuka. Mu ma muka tausaya. Can sai ya faɗi launin rigar da ƙanen ya sa ran ɓatan, alhali ya rantse bai ganshi ba rannan! Nan Malam ya rufe littafi yace sai wani zuwan.

Daga baya ina mashi aski na matsa mashi ya faɗa mani ƙarshen. Ya raɗa mani: "Shi ya kashe shi, ya binne cikin ɗaki. Kai kaɗai na gaya ma." Jama'a, kun sanni da riƙon sirri. Ban faɗi ba, sai dai na sanar da duk Wagini cewa na sani.

Wurin zaman makoki sai ga Yero, Bafulatanin Karare, don ashe can ma Malam na karanta masu. Bayan addu'a ya matso.

"Kaɗo, ance kana cika baki. Ni kaɗai Malam ya gaya ma ƙarshe. Babu wani ƙane, mutumin taɓaɓɓe ne."

Nace "Kai ɗan Fulani, nono ya hau maka kai! Kisa ne!"

Yace "Aradu babu ƙane!"

Muka tashi tsaye a gidan mutuwa, sai da liman ya daka mana tsawa. Daga bayan zana matar marigayi, Zuwairatu, ta aiko da littafin. Babu ƙarshen. An yage. Ta ce da murya ƙasa-ƙasa: "Haka yake yi. Da ya sawo sai ya yage ƙarshen ya sa a murhu, bai karanta ba. Wai in ya sani, fuskarshi zata tona, ku daina zuwa." Sai tayi dariya, sai kuka.

Malam, ashe kai ma jira kake tare damu! To mi yasa ka ce ni kaɗai? Na juya abin na juya, har na aske ma wani rabin gemu ban sani ba. Ban yi fushi ba wallahi. Da ka dawo ka sake yi mani wata ƙaryar, da na ba da askata.

Yanzu ga inda nake. Mutanen Wagini da na Karare sun ce ran kasuwa mai zuwa zasu taru gindin tsamiya, a ji wa Malam ya yaudara tsakanin ni da Yero. Hadari kuwa ya fara haɗowa gabas. Ruwa na sauka kowa ya nufi gona, zaman ya watse, kuma babu mai sake tara mu.

Allah ya jiƙanka Malam, ya sanyaya makwancinka fiye da inuwar da ka tara mu, ya yafe maka, har da abin da ka yi mana ni da Yero. Allah ya ba Zuwairatu da ɗiyanta da 'yan'uwa na Safana haƙuri.

Kai kuma mai karatu, kar ka ce amin ka ninke jarida. Littafin bangonshi ja ne, da hoton ƙofa a buɗe kaɗan. In kana da irinshi cikakke, ka ba direban motar Batsari, ka ce wanzamin Wagini, kowa ya sanni. In babu, aiko mani da mai Turanci wanda ya taɓa karantawa. Askin shekara kyauta. Amma kayi sauri, na ji ƙamshin ruwa.