Yadda Kawu Ya Rabu da Jar Motarsa

Kawu ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi. Duk hayaniyar da Allah ya hore masa, a motarsa ya zuba ta.

'Yar Japan ce ja, ta tsere. Shekara tara yana yi mata abin da yake kira gyara. Ya sauke ta ƙasa har sai an shimfiɗa katako biyu take haye kwalbatin ƙofar gida. Ya ɗaura mata fiffike a baya, ya sa salansar da ke tada jariran layi uku. Kujerun baya kuwa ya cire su, wai nauyi ne.

Da likita ya ce tagwaye matarsa za ta haifa, ba ta yi faɗa ba. Ta dai leƙa bayan motar, ta tambaye shi ko a kan fiffiken za a ɗaure su.

Tallar da ya rubuta shafi uku ce, babu ƙusar da bai ambata ba. Masu saye suka zo, kowa ya karanta ta kamar takardar asibiti: duk abin da Kawu ya nuna da alfahari, sai a girgiza kai a rage kuɗi. Wani ma ya yi masa jaje.

Bakanikensa ne ya gaya masa gaskiya, cewa mai saye irin wadda kamfani ya ƙera yake nema, ba wadda Kawu ya ƙera ba. Asabar huɗu Kawu ya yi yana kwance aikin shekara tara, yana fito da kayanta na asali daga kwalayen da ya jibge a sito.

Kwana biyu da sake talla wata tsohuwar shugabar makaranta ta zo. Ta zagaya motar, ta shafa kujerun baya, ta ce tun da take ba ta ga masu tsabta irinsu ba, kamar ba a taɓa zama a kai ba.

"Ɗana, ka iya riƙon abu," in ji ta. "Ba irin marasa aikin yin nan ba, da za su sami mota lafiyayya su yi ta yanka ta."

Kawu ya buɗe baki. Matarsa ta dafa cikinta, ta yi gyaran murya.

"Wallahi kuwa, Mama," ya ce. "Ai ba su da hankali."

Ya miƙa mata makulli.