Goɗiyar da Ba a Bari Likita Ya Duba Ba

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, kowa Mai-goɗiya yake kiransa. Ranar haihuwarsa kuwa ko shi bai riƙe ba. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu.

Sana'arsa dako da amalanken doki, yana kwaso amfanin gona zuwa kasuwa. Da motocin kaya suka kwashe cinikin, sai ya yi ta sayar da dawakinsa, har ya rage daga shi sai tsohuwar goɗiya da barga mai yoyo. 'Ya'yansa sun so a rabu da ita, ya ce muddin tana aiki tana nan. A shekarunsa na ƙarshe ya daina hawa amalanken. Sai ya riƙe ragama ya wuce gaba, yana yi mata magana tana biye.

"Baba, kai kake jan ta ko ita take tura ka?" in ji direbobi.

"Ku dai ku ji da birkinku."

Da tallafin raya karkara ya zo, ya je ofis neman abin gyara rufin bargar kafin damina. Jami'in, wanda shi ma gajiya ta cika masa fuska, ya ce, "Shanu, awaki, kaji, kifi. Doki ba ya ciki, Baba. Doki kayan ƙawa ne."

"Ƙawa? Yaro, zo ka ga kantar da ke kafaɗarta."

Ya yi ta zarya har takalminsa ya cinye. Daga ƙarshe aka yarda cewa dabbar dako ta cancanta, matuƙar likitan dabbobi ya tabbatar da lafiyarta.

Ranar da likitan ya zo da mutanensa, matar Mai-goɗiya ta share bargar tas. Likitan ya duba kofato, ya duba haƙora, sannan ya ciro 'yar tocila ya nufi fuskar goɗiyar. Mai-goɗiya ya shiga tsakaninsu.

"Na fasa."

"Malam, bayan duk wahalar nan?" in ji matarsa.

"Na ce na fasa. Ku gaida gida."

Unguwa ta ce girman kai ne. Da ruwa ya sauka, Mai-goɗiya ya ɓamɓare kwanon rufin ɗakinsa ya rufa wa bargar, shi kuma ya shimfiɗa leda a kan nasa. Tari ya kama shi, bai ga kaka ba.

Bayan an share makoki, babban ɗansa ya kwance goɗiyar daga turke, ya ja ta ba tare da ya ce uffan ba. Ta tafi kai tsaye ta yi karo da katangata. Idanunta garau kamar na mai gani, amma makauniya ce. Ashe muryar Mai-goɗiya take bi, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.