Abin da Malam Ɗalhatu Ya Rubuta a Gefen Takarda

Damina ce mai nauyi, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har gero ya soma ruɓewa a tsaye. A gidanmu na Birnin Kudu kowa fuskarsa a ɗaure take. Da an idar da sallar isha'i sai mu taru a ɗakin kakarmu, Inna Delu, ta hura 'yan itatuwa mu ji ɗumi.

Ran nan na zagi yayata zagin da ban san nauyinsa ba. Inna Delu ba ta tsawata mini ba. Cewa ta yi, "Ku matso, 'yan nan. Yau babu tatsuniya. Labarin mahaifina zan ba ku."

Tun kafin zuwan Turawa, mahaifin nata, Malam Ɗalhatu, ya rubuta waƙar wa'azi da ajami a kan mutuwa. Ya aika wa wani Malam Buba a Gwaram don ya duba masa. Takardun suka dawo, a gefensu Malam Buba ya rubuta cewa wannan kukan jaki ne, mai shi ya koma gona.

Ran Malam Ɗalhatu ya ɓaci. A ƙarƙashin zagin ya tsara baiti biyu da suka tona wani tsohon asiri na mahaifiyar Malam Buba. Bai yi niyyar aikawa ba. Ya huce, ya cusa takardun cikin gafaka, ya manta. Bayan wata biyu wani malami daga Wurno ya ari waƙar don ya kwafe.

"Mai kwafe rubutun malami ba ya tsallake komai," in ji Inna Delu. "Abin da ke gefe ma karatu ne a wurinsa."

Daga Wurno waƙar ta je Surko, ta je Sara, ta isa Gwaram. Mutane suka bar wa'azin, suka haddace baiti biyun, har mata na rera su wurin niƙa. Ɗaliban Malam Buba suka watse. Ya daina fitowa zaure, kafin lokacin girbi ya rasu.

"Baba ya bi gari gari da ƙafa, yana roƙon takardun, yana wankewa da ruwa. To, takarda ya wanke. Bakin mutane fa? Har ya koma ga Allah bai sake riƙe alƙalami ba."

Yayata ta ce, "Inna, me baitukan suka ce?"

"Na san su sarai," ta ce. "Da su za a binne ni."

Ni sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa, na rubuta 'yar waƙa a kan tarbiyya, aka karanta a aji. Wata mata ta aiko mini da wasiƙa, wai wadda ɗanta ke yawon banza ba ta isa ta yi wa kowa wa'azi ba. Ya yi mini zafi, don akwai gaskiya a ciki. Ni ma kuwa na san abin da 'yarta ta yi, wanda mutum uku kawai suka sani. Da yamma na zauna na rubuta shi tsaf, da kyakkyawan rubutun da nake taƙama da shi. Na ce a raina ba aikawa zan yi ba, ajiyewa kawai zan yi.

Sai na ji kaina. Haka Malam Ɗalhatu ma ya ce.

Da gari ya waye na ɗora tukunyar koko, na tura takardar cikin murhu, na tsaya a kanta da itace har ta zama toka.