Littattafan Inna Hauwa Uku

Har gobe ban manta da ranar da Inna Hauwa ta dawo karɓar rubutunta ba, a damina ta 1998. Lokacin ni ne mai tantance rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Sabangali. Duk abin da aka kawo, ni ke karantawa in rubuta rahoto, Darakta ya sa hannu: a buga, ko a mayar wa mai shi.

Inna Hauwa tela ce a unguwar Habbena. Ta cika littattafan makaranta uku da labarin kakanta, wanda ya taso a ƙafa zai je Makka, tafiyar ta ƙare masa a bakin kogin Shari. Ni kuwa a Kano na yi karatu, ina ji da kaina. Da na ga Hausarta cike da Larabcin gari, shafi goma na karanta na rubuta cewa ba mai karanta wannan.

Ƙa'ida ita ce a mayar da rubutu hannu da hannu. Ƙyuya ta sa na ba matata ta kai mata. Bayan wata biyu sai ga Inna a ofis.

"Ɗana, tunda ba ku so, kalas, shi ke nan, ba ni kayana. Ba ni da wani sai shi."

Sai a lokacin na san matata ba ta kai mata ba. Darakta ya ce in rubutun ya ɓata, kada in dawo.

Ashe matata ta karanta wa mata shi a gidan suna, wata ta ara, wata ta karɓa. Kwana huɗu ina bi gida-gida a kan keke, ina sallama daga zaure. A wani gida a unguwar Ambassatna na sami littattafan, duk ukun, sun sha hannu. A gefen shafuka mata sun rubuta sunayen kakanninsu da suka yi irin wannan tafiya. Na zauna a kan dakali, sai da na yi hamdala ta fi a ƙirga.

Matar gidan ta ce daga bayan labule, "Malam, a dawo mana da na uku, ba mu gama ba."

Da na kai littattafan ofis, Darakta ya juya shafukan, ya ga sunayen, ya yage rahotona, ya ce a buga yadda yake.

Shekara tara na ƙara a kujerar. Na gane cewa mu hatimi kawai muke riƙe da shi. Ban sake cewa ba mai karanta abu ba sai na tambayi masu karatun.