Takalmi a Ƙofar Ɗakin Iye

Wata Laraba ce cikin watan Agusta na 1967, ina tsugune a tsakar gidanmu a Binin ina yayyafa wa huhun goro ruwa, sai muka ji manyan motoci suna wucewa a jere, babu mai yin oda, babu mai tsayawa. Inna ta ajiye muciya. Baba ya shigo da rediyo a hannu, ya ce sojojin gabas sun ƙetaro kogin Kwara, gari yana hannunsu. Jikata Ummi ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba, kuma in ta ga na yi shiru ta san kuka nake.

A Binin aka haife ni. Baba fataucin goro yake yi, muna haya a gidan wata 'yar garin da mijinta ya rasu, muna kiranta Iye, wato uwa da yarensu. Sana'arta manja ce. Da 'ya'yanta nake zuwa famfo, da su nake carafke da ƙwallon kwakwa a gindin lemo, har yarensu ya zauna a bakina. Da yaƙi ya tashi, manyan jihar suka ce su ba ruwansu, ba za a yi faɗan a ƙasarsu ba. Abokan Baba na zango suka kwashe iyali suka yi arewa, shi ya zauna. Yakan ce, "Wanda bai zagi kowa ba, wa zai mare shi?"

Bayan wannan Larabar gari ya sauya. Aka kafa shingaye, gishiri ya ɓace a kasuwa, ladan ya daina kiran salla, sai labari ya zo cewa ana bi gida-gida ana neman 'yan arewa. Iye ta kwashe butocinmu da tabarmin salla ta cusa cikin rufi. Ta ɗaura wa Inna irin zanensu, ta ce ko me aka faɗa mata ta zama kurma. Ni da lalle a hannuna, an kankare ya ƙi fita, sai ta zaunar da ni wajen matsar manja, ja ya rufe ja. Baba ne ya gagara, don tsagen fuskarsa ba ya ɓoyuwa. Iye ta ce babu maɓoya sai ɗakinta, bayan gangunan manja. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai taɓa taka ɗakin macen da ba tasa ba. "Malam," in ji Iye, "kunya ba ta tare harsashi." Da ƙyar ya yarda cewa in sun zo zai shiga.

Da hantsi sojojin suka zo. 'Yar maƙwabta ta leƙo ta katanga ta faɗa mana, Baba ya shige. Samari ne, rigunan sun yi musu yawa. Suka birkita ɗakunanmu ba su ga komai ba. Ɗaya ya yi wa Inna tsawa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wani ya tambaye ni sunana, na ba shi na 'yar Iye da yarensu, hannuna cikin manja har gwiwa. Sun juya za su fita sai babbansu ya tsaya, na bi idonsa da kallo. Takalman Baba ne, na fata, ɗinkin Kano, a jere a bakin ƙofar Iye. Ko a gudun rai sai da ya tuɓe, don bai iya shiga ɗakin mutane da takalmi ba. Iye ta ce na marigayi mijinta ne. Sojan ya sa bakin bindiga ya kifar da ɗaya, sannan ya ɗaga ta ya saita ƙirjin Iye. Labule ya motsa. Baba ya fito, ya juya takalmin ya sa a hankali. Bai dube mu ba, don kada su gane mu nasa ne. Inna ta ci gaba da tsince kwakwa har ƙarar motar da suka tafi da shi ta ɓace, sannan ta faɗi.

Da sojojin tarayya suka karɓe garin mun nema a bariki, mun nema a asibiti, ba wanda ya san inda aka kai shi. Iye ce ta raka mu tasha, muka yi arewa.

Yanzu ina Panyu a ƙasar Sin, can saman bene, a gidan ɗana mai aika kaya Kano. Bayan rasuwar maigidana ya ɗauko ni, wai zaman kaɗaici zai kashe ni. Kwanan baya da rana tsaka jiniya ta cika garin, na riƙe bango. Ɗana ya ce, "Hajiya, gwaji ne, kowace shekara suna yi. Su ma an taɓa mamaye su." Na leƙa taga, mutane suna ta harkarsu da ledojin cefane, kamar yadda muke a Binin ranar Talata, ana gobe motocin za su shigo. Maigidana na san inda yake kwance, ɗana yana ziyartarsa in ya je gida. Baba kuwa, in na idar da salla ban san ta wane gefe zan juya in yi masa sallama ba.